Jan Da'ira

Na tura darasin da daddare,
bayan an kawo wuta a Mabera.
Darasi na huɗu: ajiyar albasa,
yadda za ta kai damina ba ta ruɓe ba.
Minti sha ɗaya na bidiyo, shafi bakwai.
Na kwanta ina jin na gama.

Da asuba na buɗe kwamfuta,
ashe Malam Modi ya riga ni tashi.
Shekara talatin yana gyara da jan biro,
yau biron ya bushe a aljihun jamfa,
jikarsa Luba ta koya masa
yadda ake zana da'ira a kan allon gilashi.

Ga ta nan a shafi na biyu,
ja wur, a karkace kamar bakin tsohuwar ƙwarya,
ta zagaye hoton da na ɗauko a intanet.
A gefenta ya rubuta:
"Wagga albasa ba tamu ta ba.
Tai Goronyo ka ɗauko hoton rudu."

Kibiya a shafi na biyar
ta soki wata kalma da na aro,
mai tsawo, mai sheƙi, wadda nake taƙama da ita.
"Manomi na Wurno bai san ta ba.
Kai ma jiya ka san ta."

A minti na shida da daƙiƙa tara
ya tsayar da ni cak, bakina a buɗe,
hannuna ya rufe lambar da nake nunawa.
Bai ce komai ba.
Ya dai zagaye hannun.

Da can sai ya ce, "Akwai gyara wajen tsakiya,"
in wuni ina lalube kamar mai neman allura a rairayin Rima.
Yanzu yatsansa na kan wurin,
ba musu, ba "ina kake nufi, Malam?"
Ciwon ya fi, amma maganin ya fi kusa.

Na ƙirga: ja goma sha bakwai.
Shayina ya huce.
Na soma ɗaya bayan ɗaya,
ina gyarawa, ina danna "an warware",
da'irar tana ɓacewa
kamar tabon alli bayan an shafe allo.

Can wajen ƙarshe, minti na goma,
inda akuyar maƙwabta ta yi kuka,
na yi dariya, na manta da kyamara,
na ce wa ɗaliban da ban taɓa gani ba,
"Ku yi haƙuri, ita ma tana son darasin,"
wurin da na yi niyyar yankewa,

nan na tarar da alama ɗaya koriya.
Ban san ya san inda ake sauya launi ba.
Ƙarƙashinta kalma huɗu:
"Bar wanga. Nan ka koyar."

Na sake ƙirgawa, ashe biyar ne.
Ban gyara masa ba.