Kofin Baba

Kwana uku busasshen kifin yana jiƙe,
ana sake masa ruwa safe da yamma kamar mai jego,
sai da gishirin ya haƙura ya sake shi.
Yau jajiberen Kirsimeti a Afurada.
Kogin Douro ya cika ya batse,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi,
tukunya na tafasa, ba ta sauraron kowa.

Ni aka bar wa zancen abin sha.
Aikin Baba ne a da.
Shi ke sauka ɗakin ƙasa da fitila,
ya daɗe, ya fito da saƙar gizo a gira,
kwalba biyu a hammata, ya ce,
"Deolinda, kifi bai taɓa sanin ƙishirwa ba,
kada ki bari ya koye ta a cikinki."

Na jera su yadda na ga yana yi.
Jatan landen da aka soya da tafarnuwa
na haɗa shi da farin ruwan inabin Minho,
mai tsami, mai ɗan cizon harshe,
wanda ke share maiƙo ya bar baki wasai.
Da aka kawo gasasshen mai hannu takwas,
Kawu Custódio ya bugi tebur:
"Ja ne abokinsa! Kuma a kwanon tangaran, ba a tambulan ba!"
Goggo Graciete ta ce ja a kan kifi
ɗora wa kaza sirdi ne.
Shekara talatin suna wannan gardama,
ba wanda ya ci, ba wanda ya bari ta huce.
Na buɗe duka biyun, a rabu lafiya.

Valdemar, mijin ƙanwata, likita ya hana shi tun bara.
Na matse masa lemun tsami a ruwa mai kumfa,
zuma kaɗan, ganyen na'a-na'a biyu.
Ya ɗaga kofin yana leƙen kyandir ta cikinsa,
sai ka ce ba shi ya yi wata guda yana fushi da likitan ba.
Yara kuwa ruwan tuffa.
Benedita ta tsoma ƙafar ƙaguwa a nata,
ta tsotse, ta ce haka ake yi.
Wa zai ja da mai shekara biyar?

Saura kujera ɗaya.
A garinmu ba a kwashe tebur a wannan dare,
ana ajiye faranti don waɗanda suka riga mu.
Mama ta zaɓa masa tsoka mafi kauri,
dankali biyu, kabeji, rabin ƙwai,
ta malala man zaitun har ya kwanta a gefe,
sannan ta dube ni.
Kofinsa wayam.

Me ake zuba wa mutumin da teku ya shayar?
Na ɗauki fari, na ajiye.
Na ɗauki ja, hannuna ya ƙi.
Shekara huɗu ke nan da jirgin Hermínio ya fita da asuba.
Taru ya dawo, hularsa ta dawo.
Gishirin da muka kwana uku muna cire wa kifi,
shi wa zai cire masa?

Na tashi na je famfo,
na bar shi yana zuba har ya yi sanyi ƙarara.
Ruwan daɗi ne kawai, na rijiya da gajimare.
Na cika kofin har baki,
na taho da shi hannu biyu,
taku ɗaya-ɗaya, kada ya zube.

Kawu ya buɗe baki,
Goggo ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.
Mama ta gyara wa kofin zama a daman faranti,
ta ce, "Ku ci, yana hucewa."
Muka ci, muka sha, muka suɗe yatsu,
har ƙararrawar coci ta kira mu tsakar dare.

Da safe na sauko ɗaukar kwanoni.
Kifin na nan, man ya daskare a kansa.
Ruwan ya ragu da kaurin yatsa biyu.
Benedita ta rantse ba ita ba ce,
ni kuma ban sake tambayarta ba.