Rabin Goro

Ni Nomau ne, ɗan Buza, can cikin Adar.
Na zo Yamai da jaka ɗaya, da cukwi goma sha biyu,
da gargaɗin inna a ƙulle cikin kunne.
Ke kuwa, Barira, a Yantala aka yanke miki cibi,
kin san wace faba-faba ke tsallake gada kafin bakwai,
kin san mai kopton da ba ta rowar ƙuli.

A layin resto muka haɗu, watan da bursi ya makara.
Tikitina ya ɓata. Kika miƙo naki, ko dubana ba ki yi ba,
kika ce, "Ci, malam, ba sadaki ba ne."
Duk layi ya kwashe da dariya.
Shinkafar nan har yau ba ta gama sauka ba.

Ina karatun noma, kina karatun shari'a.
Ni na san ba a zuba iri sai an shata gona,
ke kin san kowace takarda tana da ƙofar baya.

Daren da aka ɗauke wuta a Harobanda
muka gangara bakin kogi, wajen masu lambu,
sauro na kiɗa, fitilun tsallake na rawa a ruwa.
Kika ɗora kanki a kafaɗata.
Na sandare kamar turken awaki.
Kika ce ƙawarki ta tafi Doso, makullin ɗakinta na jakarki.
Na rantse na ji ƙararsa ta cikin fata.
Na ce, "Bari kawuna ya kawo goro tukuna."
Kika ɗago kai. "Goro?
Dare ɗaya na roƙe ka, kana miƙo mini shekara hamsin."

Sai kika ba ni labarin babanki:
ya kai goro, ya kai akwati, aka shafa fatiha,
ya tafi Abijan da alkawarin wata shida.
Shekarunki ashirin da biyu, wata shidan bai cika ba.
"Mamana na da igiya uku," kika ce, "miji ne ba ta da shi.
Ni abin da hannuna ya taɓa, shi na yarda da shi."

Na so in ce miki ba tsoron Allah kaɗai ya riƙe ni ba,
ko da yake yana ciki, ba na musu.
Tsoro nake in san ɗumin wuyanki,
sannan ranar Litinin mu gamu a ƙofar amfi
ki ce mini sannu kamar mai sayar da kati.
Ban faɗa ba.
Na ce dare ya yi.

Kika sa mini liman, na sa miki guguwa.
Sati uku ba magana,
sai ga fotokopin darasina ta hannun wani,
dala arba'in kika biya, kika rubuta a bayansa:
"Kana dai cin abinci?"
Ke da ba ki yarda da gobe ba,
wa ya aike ki gadin cikina?
Ni da na ce ko riƙe hannu a'a,
yaushe na haddace tabon da ke bayan kunnenki?

An kafe sakamako.
Lome ta kira ki, ni fadamar albasa na jirana.
Da asuba a tasha, direba na ta oda,
kika ce, "Kada ka jira ni, ba na son bashi."
Na ce wa ya ce jira zan yi.
Ke ce lauya, kin san shaidar zur in kin ji ta.

Na zaro goro ɗaya daga aljihu,
ba na kawu ba, na dala biyar ne a bakin titi.
Kika daɗe kina juya shi a tafi,
kika ɓare, kika ciji rabi,
kika yamutsa fuska. "Da ɗaci."

Amma ba ki tofar ba.
Na duba har motar ta sha kwana, ba ki tofar ba.
Ɗaya rabin na aljihun rigata, ya soma yin ja,
inna ta tambaye ni sau biyu na wane ne.