Layi Biyu a Ƙasa

Fayil ɗin ya iso teburina ran Talata,
bayan azahar, fanka ta tsaya.
An rubuta a bayansa da jan biro:
Sabon Tsarin Lasisin Masu Bincike Masu Zaman Kansu.
Aikina ɗaya ne, in tara lamba kan lamba,
in ja layi biyu a ƙasa.

Na yi bisimilla.
Kwamiti mutum tara, zama goma sha ɗaya,
kowane zama da alawus ɗinsa da kazarsa.
Tafiya Kaduna a ga yadda suke yi,
mota biyu, kwana huɗu.
Ƙwararre daga nesa ya kawo shafi arba'in,
rabinsu akwatuna ne da kibiyoyi.
Tsofaffin fom, katan goma sha bakwai,
za a ƙona bayan sakatariya,
har kananzir ɗin ƙonawar yana da layinsa.
Sabon hatimi, sabon allo a bakin ƙofa.
Kwamfuta shida. Sun manta man janareta,
na sa musu da kaina.

Abin da ya fito ƙarƙashin layi
zai haƙa burtsatse bakwai, har da canji.
Ni ban ce a haƙa ba, akawu ba ya cewa.
Jarkokin Sabuwar Unguwa kawai na tuna,
yadda suke kwana a jere suna jiran famfo.

Su nawa ne ma masu lasisin a garin nan?
Na buɗe rajista: goma sha uku.
Biyu sun riga mu gidan gaskiya.

Na huɗu a jerin Saje Nomau ne,
katangarmu ɗaya a Ƙofar Marusa.
Ya yi ritaya da gwiwa mai ciwo
da baƙin littafi cike da lambobin inji.
Shi ya bi babur ɗin Tsalha
tun daga Ƙofar Guga har wani gareji a Jibiya.
An sake fenti, an kankare lamba,
ya gane shi da tabon walda a salansa.
Shi ya gano garin da uwar adashi ta koma
da zubin mata ashirin da biyu.
Ladansa kuɗin mota, wani lokaci da zabuwa.

Sabon tsari yana son digiri,
ofis mai ɗaki biyu, inshora,
da ajiya a banki
wadda fanshonsa na shekara shida bai kai ba.

Ban ce tsohon tsari ba shi da tabo ba.
Na san wanda ya riƙa ɗaga kati a tasha
yana tatsar mai laifi da marar laifi.
To amma don kuɗin cizo guda
ake fitar da gado a cinna masa wuta,
a kuma aiko wa mai ɗaki takardar kuɗin ashana?

Da magariba na tarar da shi kan benci.
Ya ce, Akawu, nawa ya kama?
Na faɗa masa a hankali, kamar mai kai ta'aziyya.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, da ni suka ba bin sawun kuɗin nan,
kwana uku in nuna maka gidan da suka kwana.

Muna nan wani yaro ya yi sallama,
makulli a hannu, ba keken.
Na bashi ne, saura wata tara ya gama biya.
Saje ya dubi baƙin littafin, ya dube ni,
ya ce, ɗana, daga watan gobe hannuna a ɗaure yake,
akwai kamfani a bene, hanyar Kano.
Yaron ya ce daga can yake,
kuɗin buɗe fayil ya fi cinikinsa na sati biyu.

Da safe na juya fom gaba da baya
ina neman gurbin da zan sa yaron nan.
Akwai na fenti, akwai na labule.
Na ja layi na biyu, na sa hannu.
Masinja yana tsaye a kaina,
ga shi wata ya yi nisa.