Mai Wankin Randa a Racha

Ni ne Elguja, siririn ƙauyenmu,
wanda ake cigiya in kaka ta matso.
A nan Racha randa ba ta zaman tsakar gida,
binne ta ake har wuya,
bakinta kaɗai ke kallon rufin ɗaki.
Mai jiki ya leƙa, ya ja da baya.
Ni nake shiga.

Kyandir ke riga ƙafata sauka.
In ya mutu, randa ba ta gama numfashi ba ke nan,
sai in zauna a bakin ƙofa
ina kallon tsauni yana naɗa farin rawani
tun lokacinsa bai yi ba.

Ciki duhu ne mai ƙamshi.
Da ɓawon itace nake gurzar bara,
in wanke ta tas, don bana ta sami wurin kwana.
Kowace randa da halin gidanta.
Ta Nodar tsami gare ta, kamar bakinsa.
Ta 'yan'uwan nan biyu na hayin kogin Rioni,
shekara tara ko gaisuwa babu,
amma randa ɗaya uba ya bari,
dole inabinsu ya kwana tare.

Aleksandrouli baƙi ne, mai jinkirin nuna,
sai rana ta yi ta lallashinsa a kan gangare.
Mujuretuli ke bin bayansa
kamar ƙanen da bai iya zuwa biki shi kaɗai.
A haɗa su, su fara tafasa ba wuta,
suna gunaguni dare da rana,
har sanyi ya gangaro daga dutse,
ya riƙe hannun tsimi, ya ce, ya isa haka.
Abin da ya rage na zaƙi,
sanyi ne ya bar mana.

Ba na karɓar kuɗi a gidan Tsisana.
Tun da ta rasa mijinta, da tebur take biyana.
Gurasa mai cikin wake, da zafinta,
ta ce wannan ja ne abokinta, kada a raba su.
Kaza ta nutse cikin madara da tafarnuwa,
ta ture jan gefe, ta jawo farin Tetra,
wai tafarnuwa mafaɗaciya ce,
sai mai sanyin rai ke iya zama da ita.
Kifin rafi da gishiri kawai.
Cuku mai hayaƙi a ƙarshe,
lokacin da hira ta fara ɗingishi.

Shekara goma sha ɗaya ina cin ladan nan.
Bana na zura ƙafa, na zura gwiwa,
da aka zo ciki, randa ta ce ba ta san ni ba.
Ba shiga, ba fita.
Nodar ya yi dariya har ya zauna a ƙasa,
'yan'uwan nan biyu suka kama ni, kowa da hannu ɗaya,
babban ya ce, ja,
ƙaramin ya ce, ina ja.
Maganarsu ta farko ke nan.

Can ƙasan kwari, an ce, sabon kamfani
ya kawo tankunan ƙarfe masu ƙyalli,
da tiyo ake wanke su, ba mai cire takalmi.
To, Allah ya ba su sa'a.

Jikar Tsisana, Mzeona, tsinken yarinya,
ita ta ɗauki kyandir da ya faɗi,
ta leƙa duhun, ta daɗe ba ta ɗago ba.
Ta ce, akwai murya a ciki.
Na ce, taki ce.
Ta ce, a'a.
Na miƙa mata ɓawon itacen,
na koma tebur, gurasa ba ta huce ba.