Kuɗin Fiton Barci

Rumfata tana Kasuwar Barci,
layi na uku in ka baro masu gwanjo.
Shekara tara ina sayar da kayan shimfiɗa,
amma tun daren Litinin
idona bai ga barci.

Kwantenata ta sauka a Kakuri,
tashar da ake kira ta ruwa, alhali ko kwaɗo babu.
Kwali ɗari biyu da sittin,
kowace jaka da zif ɗinta:
zanin gado ɗaya, rigar filo biyu,
da bargo mai cushe, laushi kamar tsakiyar burodi.
Jikin jakar duk rubutun Sinanci.

Ɗanjuma ejan ya cika takarda,
ya ce saiti ne, lamba ɗaya ta ishe shi.
Ofisa Shekari ya zuge zif,
ya baza zanin kan teburin ƙarfe,
ya jawo littafi mai kaurin bulo,
ya ɗora yatsa yana bin Turanci.

Ya ce, "Hajiya, zani na babin yadi da ɗinki.
Bargon nan kuwa, tunda an cusa masa ciki,
danginsa katifa ne da kujera.
Babi talatin da ɗaya ke tsakaninsu."
Na ce, "Ranka ya daɗe, gado ɗaya suke kwana."
Ya ce, "A gidanki ke nan.
A littafi ko gaisuwa ba sa yi, balle zumunci.

In kuma saiti ne, wa ke jan ragamar jakar?
Wanda ya fi nauyi? Wanda ya fi tsada?
Ko wanda mai saye ya tako dominsa?"
Ina zan sani?
Mai otal daga Barnawa zani yake ɗagawa ya duba a rana,
matar soja bargo take shafawa da kumatu.
Ni nawa fatauci.

Sai batun zare.
Takarda ta ce auduga zalla, ofisa ya taɓe baki.
Baba Barau na zaune kan benci,
ya biyo ni ne don ya ga unguwar da ya yi ƙuruciya,
shekara ashirin da biyu a masaƙar can tsallaken titi.
Ba wanda ya kira shi.
Ya miƙe, ya zare sili ɗaya daga gefen zanin,
ya roƙi ashana wurin direba.
Zaren ya nannaɗe, ya dunƙule baƙi kamar ɗigon kwalta.
Ya ce, "Auduga toka take bari, da ƙaurin takarda.
Wannan roba ce."
Mahaifina, a gaban hukuma,
shi ya yanke mini hukunci.

Aka soke lamba, aka rubuta wata.
Fito ya tashi, kuɗin ajiya na kwana huɗu ya hau kansa.
Na danna lissafi a waya sau uku,
ribar ba ta kai ta buhun shinkafa ba.
Ɗanjuma ya sa hularsa ya ce zai je salla.
Na haɗiye yawu mai ɗaci.

A keke ban ce masa uffan ba.
Muka wuce masaƙa, tagogi a farfashe,
ciyawa ta fi ƙofar tsawo.
Sai kan gada ya yi magana, yana kallon kogi:
"Laraba, zanin da aka haife ki a kai
daga injina ya fito, na goma sha huɗu.
Audugar Funtuwa ce, a tirela ta zo.
Ba wanda ya tambaye shi babinsa.
Ba don in tozarta ki na ƙona zaren ba,
yatsuna ne ba su iya ƙarya ba,
ko sun tsufa, ko suna cikin talauci."

Zanin yana nan, ƙasan akwatin Inna,
shuɗin ya koɗe, faci biyu a tsakiya.
Daren nan na ciro shi na shimfiɗa masa.
Ni kuma ga ni a tsakar gida da fitilar caji,
jaka bayan jaka,
ina kankare "auduga zalla" da reza,
ina ƙara dubu huɗu a kan farashi.
Ta taga ina jin minsharinsa.
Shi dai ya samu barci.