Mai Haɗiye Hayaƙi

A Magazin ta Suwame, bayan rumfar masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta,
Masta Mumuni ya ɗora min wani ƙarfe a tafin hannu,
bai kai dunƙulen dokunu ba.
Ya ce, "Fuseni, gaida I-ji-ar.
Bawul ne mai aiki ɗaya:
ya tsaya a hanyar hayaƙi, ya ɗebi kaɗan,
ya mayar wa inji ya sake shaƙa."

Na ce, wa ke koma wa abin da ya furzar?
Ya ce, "Wuta in ta sami iska zalla hauka take yi.
Gauraya mata tsohon numfashi sai ta sassauta,
zafi ya sauka,
dafin da za ta fesa wa gari ya ragu."

Ranar Talata Opoku ya turo torotoronsa,
tana kakkarwa a silo kamar mai zazzaɓin dare,
ta mutu sau uku tsakanin Kejetiya da nan.
Masta bai buɗe bonet ba sai da ya kasa kunne.
"Bakinsa ya maƙale a buɗe.
Da a rufe ya cije, da ciki ya ɗau zafi,
ta fetur ma har ƙwanƙwasa za ka ji a hawan tudu."

Noti huɗu, na ƙarshen ya ci min fatar yatsa.
Na leƙa maƙogwaron:
na motar fetur busasshe ne, kamar gindin tukunya,
wannan kuwa na dizal,
kunkunniya ta auri mai sun haifi kwalta.
Na jiƙa, na kankare, na bi lungu da tsohon buroshin haƙori.
"Kar ruwa ya taɓa wajen waya!
Kuma gaskit sabo, ba a mayar da wanda ya kwana."

Opoku ya gaji da tsayuwa.
"Masta, toshe shi kawai.
Yanko gwangwanin madara ka liƙe,
kowa haka yake yi, sidi nawa ne?"
Masta ya nuna tsallaken kwata da sifana,
inda Anti Pokuwa ke gasa ayaba tun kafin a haife ni,
jikarta na barci a kan benci, daidai tsayin salansa.
Bai ƙara ko kalma ba.
Opoku ya yi tsaki, ya zage mu da harsuna biyu,
ya ce kuɗin sai Juma'a.

Na ga maƙoshin Masta ya motsa sau ɗaya.
Ya haɗiye.

Da muka ɗaura, inji ya kama kamar an yi masa albishir.
"Ka daina kashe ta da rarrafe a cunkoso.
Ko sau ɗaya a mako kai ta hanyar Ejisu,
ta buɗe ƙirji, ta ƙone abin da ta tara.
Mai a kan lokaci, dizal daga gidan da ka sani."
Ya tafi, ba baƙi a bayansa, ba godiya a bakinsa.

Magariba ta same mu muna cuɗa hannu da omo da yashi.
Shekara talatin da ɗaya yana nan,
masu bashi, masu zagi, ɗan da ya tafi Libiya bai kira ba,
duk ta ƙofa ɗaya suke komawa ciki,
shi ya sa ban taɓa jin ya yi zafi ba.
Amma kwanan nan in ya zauna shiru a kan tsohuwar taya
ina ganin gwiwarsa tana rawa ita kaɗai,
kuma ban san inda notinsa suke ba.

Juma'a ta zo.
Opoku bai zo ba.