Kuɗin Harafi Ɗaya

Ni ne Tanimu mai fenti, a bakin Taminus nake zama,
shekara ashirin da shida ina rubuta wa mutane allo.
Harafi nake ƙirgawa, ba kalma ba,
ɗari biyu kowanne, babba ko ƙarami.

Mista Davou ne ya koya mini Turanci
a wata firamare can wajen Gangare,
dogo, mai kwat ɗaya da tsumagiya biyu.
Ranar da na rubuta colour na mance da u
shida ya zuba mini a tafin hannu.
Ya ce harafin nan ta jirgin ruwa ya zo,
ya sauka Ikko, ya hau jirgin ƙasa da Turawan kuza,
ba ni zan yar da shi a kwata ba.
Har yau in sanyin Jos ya sauko
tafin nan yakan tuna mini.

Shekaranjiya sai ga ɗan Hajiya Ladidi,
wanda ya yi shekara takwas a Amurka,
zai buɗe shagon hoto a Farar Gada.
Ya miƙo takarda: color, center.
Na ce, yaro, an sace maka harafi a hanya,
ga e kuma ta sha gaban r babu sallama.
Ya yi dariya, ya ce can haka suke yi.
Na ce to, madalla.
Ba'amurke bai taɓa ganina ba
amma ya rage mini kuɗin cefane.

Muna cikin ciniki ya yaba wandona, ya ce pants.
Na dubi hagu, na dubi dama,
don abin da muke kira haka a nan
ba a shanya shi a gaban suruki.
Ya tambayi inda zai sha gas a mota,
na nuna masa mai cika tukunyar girki.

Da dare na tarar da Ramlatu da aikin jami'a,
kwamfuta ta ja jan layi a ƙarƙashin u,
in ta cire, gobe malami ya ja nasa da biro.
Ta ce, Baba, wa zan bi?
Na ce bi mai ba da maki,
kwamfuta ba ta taɓa yaye kowa ba.

Sai dai ba u ce ta hana ni barci ba.
A hanyar Bukuru akwai wani allo,
inji ne ya buga shi, irin wanda ya cinye mana sana'a:
Masaukin Baki.
Baki aka gina wa ɗaki, su baƙi su kwana ina?
Kullum ina wucewa a keke, ƙasa ta zama kasa,
ƙafa ta zama kafa,
ba wanda aka taɓa zane wa hannu a kai.

Na rubuta wa yaron color yadda yake so,
ya biya, ya tafi.
Ɗan fentin da u za ta ci ya ragu a gwangwani.
Da asuba, kafin masu shayi su hura wuta,
na ɗaura tsani a keke,
na je na lanƙwasa wa k ɗin nan kai.
Maigadi ya haska ni da tocila, ya ce wa ya aiko ka?
Na ce Mista Davou.